Shuɗin Layin da Ya Sauke Ladanmu

Wanda ke kiran salla a garinmu yanzu ba shi da laifi. Muryarsa na fita, yana kiyaye lokaci, ba ya sa mutane jira. Amma duk sa'ad da ya ɗauki lasifika sai in ji kamar na sa takalmin wani. Kafin shi taubashina ne ladan. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, shi ɗan mace ni ɗan namiji, don haka tun muna yara ba mu iya gaisuwa ba sai da tsiya. Ni in ce masa bawana. Shi ya ce in dai shi bawa ne, to bai taɓa ganin ubangidan da sai bawansa ya tashe shi salla kullum ba.

Ni facin taya nake yi. Rumfata na gindin wata bedi, bakin hanyar da amalanke da babura ke bi su fita kwalta wajen Badaguishiri. Lakwal, makarantar boko, na taɓa ta kaɗan aka cire ni aka kai gona, shi ya sa nake karanta boko kamar mai tafiya cikin yashi, a hankali, amma ina kaiwa. Shi taubashina bai taɓa leƙa lakwal ba. Allo ya yi. Yana karanta Larabci da ajami, boko kuwa ko sunansa ka rubuta masa ba zai gane shi ba.

Garinmu da an gama girbin gero da wake sai ya zube. Maza su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, wasu arewa wajen haƙar zinariya. A bar tsofaffi da mata da irinmu da gwiwa ta fara ƙi. Cikin waɗanda ake bari, ladan ne kaɗai namijin da ke shiga kowane gida da sallama ɗaya. Shi ke kai labarin rasuwa. Shi ke yanka akuya in mai gida ba ya nan. Shi ake kira daga Abijan a ce don Allah ka je ka duba mini jikin tsohuwa, ka gaya mini gaskiya, don su ɓoye mini suke yi. Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki, haka kawai aka wayi gari yana yinsa. Maza na tafiya hankali kwance don sun san irin mutumin da suka bari a baya.

Da manyan salula suka shigo, ƙanensa ya aiko masa da guda daga Legas, fuskarta da tsaga daga sama har ƙasa. Aka buɗe gurup na ƴan gari, na gida da na biɗa duk a ciki. Mata da yawa su ma mazansu sun bar musu waya don a riƙa jin murya.

To mega, wato abin da ake saye waya ta shiga intanet, tsada gare ta a wurinmu. Ba mu daɗe ba muka gano wani abu: tura saƙo gaba ba ya cin komi, buɗe shi ne ke cinye mega. Sai ya zama al'adar gari. Abu ya zo maka, in hoton da ke samansa mai kyau ne, ka tura, wanda ke da mega ya buɗe ya ba mu labari a majalisa. Haka nake yi, haka liman ke yi, haka kowa. Ba mu kira shi sakaci ba, tattali muke ce masa. Taubashina kuwa ya ƙara masa wani abu nasa. Ya ce shi ba ya da hatsin da zai yi sadaka kullum, amma ga sadakar da talaka ke yi da babban yatsa. In wa'azi ya zo ya tura, in addu'a ta zo ya tura, in an ce ana neman yaron da ya ɓata a wani gari da ba mu taɓa jin sunansa ba, ya tura.

Ana saura ƴan kwanaki azumi ya kawo mini kekensa, tayar baya ta sace. Bazara ce, irin zafin da ko awaki ba su son tashi daga inuwa. Ya zauna kan tsohuwar tayar mota, ni kuma ina nutsa tif, robar cikin tayar, cikin ruwa ina neman inda kumfa zai fito. Sai wayarsa ta yi ƙara.

"Kai mai baƙin hannu, karanta man wanga."

Na goge hannu na karɓa. Hoton masallaci ne mai koren ƙubba. Ƙasa da shi saƙon murya, wani mutum mai sanyin harshe yana cewa ga karatun Alƙur'ani izu sittin kyauta, a tura wa ƴan'uwa kafin azumi, Allah ya ba da lada. Ƙasa da wannan kuma wani gajeren layi shuɗi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Irinsa ne ake taɓawa ya kai ka wani wuri cikin intanet. Liyan muke ce masa.

"Ba magana ba ce," na ce masa. "Haruffa ne da lambobi anka watsa kamar kashin awaki."

"To mi suke hwaɗi?"

"Ba su hwaɗin komi. Taɓa ka gani."

"Da wace mega? Taka da ba ka taɓa saye ba?"

"Wa ya aiko ma?"

"Wani bawan Allah da munka haɗu wurin wa'azi ƙetaren iyaka. Mutumin kirki. Shi yab bar man tabarmatai ya zauna ƙasa."

Ya tura cikin gurup. Sannan ya ce ai ba duka mata ke cikin gurup ba, kuma su suka fi buƙata, don ba su samun zuwa tafsiri, sai su ji suna aikinsu. Ya shiga bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, yana gane kowace da hoton da ke jikinta, yana turawa. Matar wane, matar wane, uwar su wane. Ya daɗe yana yi, harshe a waje kamar mai zura zare a allura.

"Ka rage wa mutane lada mana," na ce. "Kai kaɗai za ka cika Aljanna?"

"Kai ai ko ƙohwarta anka kai ka, tsayawa za ka yi ka ce tayar mai gadi ba iska."

Na liƙe masa faci, na buga iska, ya hau ya tafi. Wannan ce dariya ta ƙarshe da muka yi irin ta da.

Wadda ta fara buɗewa matar wani magini ce da ke aiki Abijan. Ita tana da mega, mijinta na saka mata daga can. Bayan azahar tana zaune tsakar gida da uwar mijinta da maƙwabta suna tsintar wake. Ta ce bari ta sa musu karatun da ladan ya aiko. Ta jingina wayar jikin turmi, ta ƙure murya don kowa ya ji, ta taɓa layin.

Ba zan rubuta abin da ya fito ba. Mata ne tsirara, da sauti. Tsohuwar ta rarumi ƙwarya ta kife wayar da ita, amma ba wadda ta san yadda ake kashe abin, sai ya ci gaba da yi ƙarƙashin ƙwarya, su kuma suna tsaye kowace ta toshe kunne, har wata ta yi ƙarfin hali ta ɗauke ta ta cusa cikin buhun dusa.

Kafin la'asar labari ya kai Abijan. Maginin ya saki murya cikin gurup, yana haki kamar ya yi gudu. Bai yi zagi ba, da ma ya yi zagin. Tambaya ya yi. Ya ce ya ga an tura cikin gurup, wannan a ce kuskure ne. To mi ya sa aka bi matarsa ita kaɗai aka tura mata a lambarta? Nan kowane mai gida ya kira gidansa, kowace mace ta duba, ta tarar ita ma an aiko mata ita kaɗai. Abin da taubashina ya zauna rumfata ya yi don kada a bar kowa a baya, shi ne ya zama shaida a kansa.

Shi kuwa bai san komi ba. Wayarsa na shagon mai sola tana caji. Ya zo ya kira la'asar yadda ya saba, ya tsaya bakin ƙofa yana miƙa wa mutane hannu, suna ba shi suna kallon ƙasa.

Washegari da safe liman da mai gari suka aiko a kira ni. Na tarar da su zaure su biyu, ba ko shayi.

"Kai ne taubashinai," in ji mai gari. "Abin da bakinmu ba ya iya hwaɗa mishi, naka na iyawa."

Haka ake yi a wurinmu. Magana mai nauyi taubashi ake ɗora wa, don ba a fushi da shi, kuma yana iya naɗe ta cikin wasa ta shiga ba ta yi rauni ba. An taɓa aika ni irin wannan, kan rigimar iyakar gona, kan wani da ya ƙi sauka daga shugabancin ƴan garka, masu lambun rani. Wannan karon saƙon shi ne ladan ya ɗan huta da lasifika, kuma ya dakata da shiga gidaje, har abin ya lafa.

"Allah gafarta malam," na ce wa liman, "ka san bai buɗe abin nan ba. Ba ya ko iya karanta shi."

"Na sani."

"To?"

"To tun jiya waya ba ta huta ba. Akwai wanda yac ce in ya ji anka bar shi shina kira, za ya baro aikinai ya taho gida. Ba su nan, ba su ga huskatai ba. Abin da sunka gani shi ne sunanai bisa saƙon."

Ba ƙarya ya yi ba.

Na tarar da taubashina garkarsa cikin fadama, ya cire albasa yana yanke ganye. Ya ɗago ya gan ni, ya ci gaba da yanka. Matarsa ta riga ta gaya masa akwai magana a gari, amma kunya ta hana ta faɗin ko mene ne.

"Sun aiko ka ke nan."

"Sun aiko ni."

"Hwaɗi."

Tun daga gida nake shirya yadda zan naɗe ta. Na ce, "Sun ce jakin gari ya gaji da kuka, a kwance mishi mangala ya huta."

Da can da ya rama mini da wadda ta fi ta. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Mi ke cikin abin nan? Ba wanda yag gaya man sosai."

Sai na gaya masa, ba wasa a ciki, don ban sami inda zan sa wasan ba. Na gaya masa har da ƙwaryar. Ya zauna dirshan cikin ganyen albasa.

"Tsohuwar ta gani?"

"Ta gani."

Tsohuwar nan ƙawar uwarsa ce. Ta goya shi yana jariri. Ya daɗe yana maimaita innalillahi a hankali, sannan ya sa hannu aljihu ya ciro mabuɗin akwatin da ake ajiye batirin lasifika, ya miƙo mini. Ya ce batirin na son ruwa, a gaya wa wanda za a ba.

Na karɓi mabuɗin, na ce ya ba ni wayar ma. Ban san abin da zan yi da ita ba, na dai san ba zan iya komawa rumfa in zauna ba.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Ƙonni. Kusa da inda nake sayen gam da tif akwai wani mai gyaran waya, sa'ana ne, gemunsa ya yi fari, gilashin idonsa ɗaure da zare. Mun saba gaisawa. Na ajiye masa wayar na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan.

"Malam, kun ɗauka wanga layi adireshi ne," ya ce. "Ba adireshi ba ne. Bakin buhu ne anka ɗaure."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce kowane wuri cikin intanet yana da adireshinsa, dogo, kuma sau da yawa sunan wurin na ciki, mai karatu na iya ganewa. Sai a ɗauki dogon a dunƙule shi ya koma ɗan gajere. Ba duka masu yin haka ne mugaye ba, mutanen kirki ma na yi don dogon ba ya da kyan gani. Amma da zarar an dunƙule, daga waje ba ka sanin gero ne ciki ko ƙasa. Hoton masallacin kuwa, ya ce, kowa na iya manna shi bisa kowane buhu.

"To sai an buɗe ke nan a sani," na ce.

"A'a. Ana leƙawa ba a shiga ba. Matso."

Ya nuna mini. Ba a taɓa layin a saki. Danna shi ake yi a riƙe, sai waya ta tambaye ka abin da kake so. Ka ce ta kwafe shi. Sannan ka je wani shafi da ba ya da aikin komi sai kwance irin waɗannan gajerun layuka, ka ajiye shi nan. Ya yi a gabana. Sai ga wani dogon rubutu ya zubo kamar hanji. Ya bi shi da farce yana karanta mini. Babu Alƙur'ani, babu masallaci. Kalmomin caca ne da na batsa cikin Turanci, a fili, ko ɗan lakwal ya gani ya san ba wurin shiga ba ne.

"Nawa wanga leƙen ke ci na mega?"

"Bai kai gaisuwar murya guda ba."

Duk cikin abin da na ji ranar, wannan ne ya fi tsaya mini a wuya. Mu da muke ta tattali.

Ya ƙara nuna mini inda waya ke ajiye sawun duk wurin da aka shiga da ita. Babu wannan wurin a ciki, taubashina bai taɓa shiga ba. Ya kuma ce kada in yi saurin tsine wa mutumin wa'azin, don wasu irin waɗannan layuka mai su na iya sauya inda suke kaiwa bayan sun bazu. Ta yiwu sa'ad da wancan ya taɓa, karatu ya ji da gaske. Ta yiwu kuma shi ma bai buɗe ba, kamar mu.

Bai bar ni na tafi ba sai da na yi da hannuna, na sake yi, na sake, har yatsana ya gane. Na ɓata masa fuskar waya da baƙin taya, ya goge da gefen rigarsa.

Na koma gida ina jin kamar na ɗauko magani. Ranar Juma'a bayan an sallame na tsaya ƙofar masallaci na ce a ɗan dakata. Ban iya magana gaban jama'a ba, amma na yi. Na kwance layin a gabansu, na nuna dogon rubutun, mushe, malamin lakwal ɗinmu, ya karanta ya ce haka ne. Na nuna sawun wayar. Na tambaye su wa ke nan da bai taɓa tura abu bai buɗe ba, ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Sannan na yi murya na saki cikin gurup don na biɗa su ji.

Mutane suka ce Allah ya kyauta. Suka ce ai dama sun san ba halinsa ba ne. Na yarda da gaske suke faɗi. Maginin ma ya amsa daga Abijan, muryarsa ta sauka. Ya ce ya ji, ya gamsu, ya yafe, shi ma a yafe masa. Sai ya ƙara da cewa, "Amma gidana dai a bar shi haka nan."

Sauran ba su faɗa ba, yi kawai suka yi. Mai son a duba masa tsohuwa sai ya kira wani. Akuyar suna aka kai wa wani ya yanka. In taubashina ya bi ta bakin rijiya, mata su ja mayafi su yi shiru har ya wuce. Ba ƙiyayya ba ce, da ƙiyayya ce da an sami mai ba da haƙuri. Kunya ce. Sun ga abin da suka gani da sunansa a sama, shi ya san sun gani, su sun san ya sani. Ba mai gyaran wayar da zai kwance wannan.

Ranar da ake duban wata liman ya sake kira na. Ya ba ni mabuɗin ya ce gaskiya ta fito, in kai wa taubashina, gobe shi zai tashe mu sahur. Na tafi da sauri har ina tuntuɓe. Na same shi ƙofar gida yana gyaran igiyar guga.

"Bawana, ga mabuɗinka. Wanda anka sa shina kira kamar ana taka mishi wutsiya. Tashi ka cece mu."

Ya dubi mabuɗin bai karɓa ba.

"Kai ka san aikin ladan?"

"Ihu. Mi ne ne in ba ihu ba?"

"Ba lokaci nike hwaɗa musu ba, kowa na da agogo cikin waya. In na ce Allahu akbar, mace na cikin ɗakinta, Allah ya kamata ya zo mata a rai. Yanzu in ta ji muryata, wancan abin za ya hwaɗo mata. Ba laihinta ba ne. Ba laihina ba ne. Amma ba ni kiran mutane salla da wannan."

Na yi faɗa. Na ce masa girman kai ne ya sa masa rawani. Na ce wahalar Ƙonni da na sha, da kunyar tsayuwa gaban jama'a, duk a banza ke nan? Na ce mutane na mantuwa, bana in an yi ruwa ba mai tuna wannan.

"In sun manta ka zo ka gaya man," ya ce, ya ci gaba da igiyarsa.

Na mayar wa liman da mabuɗi.

Cikin azumin nan kullum da buɗa-baki sai ƙwaryar fura ta iso gidan taubashina daga wajen tsohuwar nan, uwar maginin. Ba ta taɓa kawowa da kanta ba, ba ta taɓa aiko magana tare da ita ba. Ya sha, a wanke ƙwarya a mayar. Har ta rasu bayan damina ba su sake haɗa ido ba. Shi ya haƙa kabarinta, shi da wasu, amma ba shi ya kai labarin rasuwar gidaje ba.

An yi azumi da dama tun daga nan. In gaskiya ake so, rabin garin sun manta. Waɗanda suka yi aure bayan nan ba su ma san an yi ba. Amma ban je na gaya masa ba. Wurin ya riga ya cika, wanda ke kira yanzu ya saba, an saba da shi, ba za a ce ya sauka ba. Maza kuma sun sami wasu da suke kira in suna son a duba musu gida. Ba a kori taubashina daga komi ba. An dai koyi yi ba shi.

Babbar wayar ya mayar wa ƙanensa. Ƙarama yake riƙewa yanzu, mai madannai, wadda ba ta san hoto ba. Ni kuwa na riƙe abin da aka koya mini a Ƙonni. Duk shuɗin layin da ya zo mini, in gajere ne ban ga inda ya nufa ba, sai na danna na riƙe na kwance shi. In ba ni da mega ranar, ya kwana nan, ba na turawa ko hoton wa ke samansa. Wasu na kawo mini nasu in duba. Na ga wanda aka ce tallafin taki ne, na ga wanda aka ce sunayen waɗanda suka yi haɗari hanyar arewa ne, aka kwance aka tarar ba haka ba. Na kuma ga da yawa da suka fito daidai, na ce a tura. Har ƴan kabu-kabu masu babura sun sa wa rumfata suna duwan, wato kwastan, wai ba abin da ke shiga gari sai an sauke shi an bincika. Ina barinsu su yi dariya. Mafi yawan mutane dai har gobe turawa suke yi ba su duba ba. Na gaji da magana. Ba aiki ne mai wuya ba, bai kai neman huda cikin tif ba, kuma ranar da ya zauna bisa tayar nan yana bin lambobi, wayar na hannuna, layin na gaban idona. Ba mu san ana leƙawa ba, daga ni har shi har liman. Abin da ke ci na ke nan, ƙanƙantar abin.

Yana zuwa rumfata da yamma in ya taso daga garka. Ya zauna bisa tayar, ya taya ni riƙe ƙafar babur in ina cire taya. Bai bar duban inuwa ba. In ta kai wani tushe na bedin nan sai in ji ya yi gyaran murya, shi bai ma san ya yi ba, kuma kullum yana riga lasifika da kaɗan.

"Bawana," in ce masa, "lokaci ya yi?"

In jira ya ce ubangidan da ba ya sanin lokaci sai ya tambayi bawa, ko wata wadda ta fi wannan zafi, ya san su da yawa.

"Ya yi," ya ce.

Ya ɗauki butata ya yi alwala, ya bar mini rabin ruwan. Mu tafi tare. A bakin ƙofa ni in wuce gaba, shi ya tsaya sahun baya, kusa da takalma.